Hima da Hurumi: Matsayin Keɓe Ƙasa a Musulunci da Aikin Ƙungiyoyin Sa Kai

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mamallakin ƙasa da abin da ke kanta. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.



Maudu'in da aka ɗora mini shi ne bayani a kan ƙasar da ake keɓewa, a hana nome ta, a hana gini a kanta, a bar ta domin kiwo da itatuwa da namun daji, tare da ƙungiyoyin sa kai waɗanda suke ɗaukar nauyin tsaron irin wannan ƙasa ba don neman riba ba. Na san ba za a rasa wanda zai ce a ransa: jama'a na fama da tsadar abinci da rashin tsaro, ina ruwanmu da tsuntsu da barewa? Ina roƙon mai wannan tunani ya ba ni aron kunnuwansa, domin jinin da ake zubarwa tsakanin manoma da makiyaya, da yawansa a kan burtali ne da mashaya da makiyaya, wato a kan ainihin ƙasar da za mu yi magana a kanta.

Da wuya a sami ɗalibin Islamiyya a cikinmu wanda bai haddace hadisi na shida a cikin Arba'una ta Imamun Nawawi ba, hadisin Nu'umanu ɗan Bashir (RA) a kan halal da haram da shubuhohin da ke tsakaninsu. A cikinsa ne Manzon Allah (SAW) ya kamanta mai kutsawa cikin shubuha da makiyayin da yake kiwo a gefen hima, wanda ya yi kusa ya afka cikinta. Mun riƙe darasin tsantseni da ke cikin misalin, kuma shi ne babban abin nufi. Amma mu nawa ne muka tsaya muka tambayi malaminmu mece ce ita himar kanta? Ba a buga misali sai da abin da masu sauraro suka sani. Sahabbai sun san hima kamar yadda kowannenmu ya san kasuwar garinsu, kuma tana da babi nata a cikin littattafan hadisi da na fiƙihu.

HIMAR JAHILIYYA DA HIMAR MUSULUNCI

Hima a harshen Larabci ita ce wurin da aka tsare, aka hana shigarsa. Imamu Shafi'i ya bayyana yadda Larabawa suke yin ta kafin zuwan Musulunci: idan shugaba mai ƙarfi ya sauka a wuri mai ciyawa, sai ya hau da karensa kan tudu ya sa shi haushi, duk iyakar inda muryar karen ta kai ta kowace fuska ya zama nasa, ba wanda zai yi kiwo a ciki, alhali shi kuwa yana tarayya da sauran mutane a cikin abin da ya rage. Wanda ya fi shahara da wannan shi ne Kulaibu ɗan Rabi'a, shugaban Banu Taglib. Wata taguwa ta baƙon wata mata mai suna Basus ta shiga himarsa, ya harbe ta da kibiya, aka kashe shi saboda ita, yaƙi ya ɓarke tsakanin Bakar da Taglib wanda masana tarihi suka ce ya ɗauki shekara 40. A kan raƙuma guda ɗaya da ta ci ciyawa.

Da Musulunci ya zo sai ya rushe wannan. Ya tabbata a cikin Sahihul Bukhari, daga Sa'abu ɗan Jassama (RA), cewa Manzon Allah (SAW) ya mayar da haƙƙin keɓe ƙasa ga Allah da ManzonSa kaɗai. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa Musulmi abokan tarayya ne a cikin ruwa da ciyawa da wuta. Malamai sun yi wa hadisin farko fassara biyu. Wasu suka ce ma'anarsa babu wata hima sai wadda Annabi (SAW) ya keɓe da kansa. Wasu suka ce ma'anarsa babu hima sai a bisa irin manufar da ya yi tasa, kuma ta hannun wanda ya tsaya a matsayinsa wajen jagorancin al'umma. Fassara ta biyu ita ce mafi rinjaye, saboda aikin halifofi ya tafi a kanta. Shi Annabi (SAW) ya keɓe wani kwari mai suna Naƙi'u a kudancin Madina domin dawakin Musulmi, Sayyidina Umar (RA) kuma ya keɓe Sharaf da Rabaza.

To a nan nake so mu daɗe, domin duk abin da zan faɗa bayan wannan, reshe ne na abin da Umar ya yi a lokacin da ya naɗa mai tsaron hima. Labarin yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da kuma Bukhari. Umar ya ɗauki wani bararren bawansa mai suna Hunayyu ya ba shi wannan aiki, ya yi masa wasiyya. Abu na farko da ya umarce shi da shi shi ne ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta domin karɓaɓɓiya ce. Sa'an nan ya ce ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga su yi kiwo, amma ya yi hattara da garken Abdurrahman ɗan Aufu da garken Usmanu ɗan Affan. Ku lura da sunayen nan biyu. Dukkansu suna cikin goma da aka yi wa bushara da Aljanna, kuma babu wanda ya kai su ciyar da dukiya a tafarkin Allah. Duk da haka Umar ya ambace su da suna ya ce a tare dabbobinsu. Dalilinsa shi ne, idan dabbobin waɗannan biyun suka halaka suna da gonakin dabino da shuka da za su koma gare su, shi kuwa talaka idan nasa suka mutu zai kwaso 'ya'yansa ya zo ƙofar Amirul Muminina yana kuka, kuma ba zai yiwu a kore shi ba. Saboda haka ba shi ciyawa da ruwa ya fi sauƙi ga baitulmali a kan ba shi zinariya da azurfa.

Ƙarshen wasiyyar ya fi ba ni mamaki. Umar ya yarda a fili cewa mutanen wannan yanki suna ganin ya zalunce su, ya kuma yarda cewa ƙasarsu ce, a kanta suka yi yaƙi a jahiliyya, a kanta suka musulunta. Ya yi rantsuwa cewa ba domin dabbobin da yake ɗora mayaƙa a kansu ba, da ko taƙi ɗaya na ƙasarsu ba zai tsare ba. Kuma buƙatar ba ƙarama ba ce, domin Malik ya ruwaito cewa a shekara guda Umar yana ɗora mutane a kan raƙuma 40,000. Shugaba ke nan wanda yake da hujja, yake da iko, amma yake jin nauyin kowane taƙi da ya hana masu shi.

Saboda nauyin al'amarin ne ma, a lokacin da Sayyidina Usmanu (RA) ya faɗaɗa hima a halifancinsa, masu tayar da fitina suka sanya wannan cikin abubuwan da suke zarginsa da su, har ya fito ya yi bayani cewa raƙuman zakka ne suka ƙaru, domin su ya yi, ba domin nasa ba. Zargin ƙarya ne, amma yana nuna mana cewa tun farko tsare ƙasa abu ne da yake taɓa zukatan mutane, kuma duk wanda zai yi shi dole ya shirya amsa tambayar: domin wa ka tsare?

Daga waɗannan nassoshi ne malaman fiƙihu suka fitar da sharuɗɗa. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Muhtasar na Shehu Halil da sharhohinsa, shugaba ne ke keɓewa, kuma sai da buƙata, kuma wurin ya zama kaɗan yadda ba zai ƙuntata wa jama'a ba, kuma ya zama babu ginin kowa ko shukar kowa a ciki, kuma amfanin ya koma ga maslahar Musulmi baki ɗaya. Al-Mawardi ya ware wa mas'alar babi a cikin Al-Ahkamus Sulɗaniyya. A ƙasarmu ma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta ɗan littafi mai suna Ta'alimur Radi a kan hanyoyin da mutum ko jama'a suke keɓantuwa da ƙasar da ba ta da mai ita, kuma hima da harimi suna cikin abin da ya tattauna. Harimi shi ne filin da ke kewaye da gari ko rijiya ko kogi, wanda amfanin wurin ba ya cika sai da shi, kamar inda mutanen gari ke yin itace da inda dabbobinsu ke kiwo su dawo a yini. Kalmarmu ta hurumi daga wannan tushe ta fito.

Mai tambaya zai ce: duk wannan dabbobin gida ne, ina namun daji? Amsar tana cikin haramin Makka da na Madina. Manzon Allah (SAW) ya haramta abin da ke tsakanin duwatsun Madina, ba a sare itacenta, ba a korar abin farautarta. Abu Huraira (RA) yana cewa da zai ga barewa tana kiwo a Madina ba zai firgita ta ba. Muslim ya ruwaito cewa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (RA) ya iske wani bawa yana saran itace a Aƙiƙ, ya ƙwace kayan da ke tare da shi, da iyayen gidansa suka zo roƙo ya ƙi mayarwa. Haramin nan biyu hukuncinsu na ibada ne, ba wanda ya isa ya ƙirƙiri na uku. Abin da muke ɗauka daga gare su shi ne cewa shari'a ta san wurin da ake barin itace da dabba su zauna lafiya, ta kuma san hukunta wanda ya keta.

ABIN DA YA SAMI HIMA, DA WAƊANDA SUKA FARFAƊO DA ITA

Wannan tsari ya rayu a Jazirar Larabawa fiye da shekara dubu. A shekarun 1960 an ƙiyasta cewa akwai hima wajen 3,000 a ƙasar Saudiyya, mafi yawansu a duwatsun kudu maso yamma, kowace a hannun ƙauye ko ƙabila. Akwai wadda ba a kiwo a cikinta sam, sai dai a yanki ciyawa a shekarar fari. Akwai wadda ake buɗewa bayan ciyawa ta zubar da iri. Akwai ta masu zuma, wadda ake hana dabbobi shiga har furanni su gama. Akwai ta itatuwa, wadda ba a sara sai domin aikin gayya kamar rufin masallaci. Bayan da hukuma ta buɗe makiyaya ga kowa a shekarun 1950, sa'an nan motoci suka fara kai wa garke ruwa da abinci har tsakiyar daji, sai tsarin ya yi ta mutuwa, waɗanda suka rage ba su taka kara sun karya ba.

Abin sha'awa shi ne, farfaɗowar ta zo ne ta hannun wata ƙungiyar sa kai a Lebanon, ƙungiyar kare halittu da aka fi sani da SPNL, wadda asalin aikinta kula da tsuntsaye ne. Lebanon tana kan hanyar da miliyoyin tsuntsaye ke bi tsakanin Turai da Afirka, kuma maharba sun yi yawa a can. A 2004 ƙungiyar ta shawo kan majalisar wani gari mai suna Ibil as-Saƙi a kudancin ƙasar, majalisar ta ayyana dajin garin a matsayin hima. Daga nan aka yi ta fadamar Kafar Zabad a kwarin Biƙa'a, aka yi ta bakin teku a Ƙulaila, har adadin ya wuce 20. Ƙungiyar ba ta mallaki ƙasar ba, ba ta kuma kori kowa ba. Hukumar gari ce ke yanke hukuncin keɓewa, mutanen gari ke zama a kwamiti, ita kuwa ƙungiya tana kawo ilmi da horo da neman kuɗin aiki. Idan muka auna da ma'aunin fiƙihu, majalisa ta tsaya a matsayin shugaba, ƙungiya da 'yan kwamiti sun tsaya a matsayin Hunayyu. Wannan ya warware mana ishkalin da wani ɗalibi zai iya kawowa, cewa tunda keɓewa haƙƙin shugaba ne, ina hurumin ƙungiya a ciki.

Akwai kuma hanya ta biyu wadda ba ta buƙatar shugaba ya keɓe, ita ce ƙungiya ta sayi ƙasa ko a ba ta kyauta, ta riƙe ta har abada. A nan Turawa sun yi nisa. A Ingila an kafa ƙungiyar National Trust a 1895, a hannun mutum uku, cikinsu har da wata mata mai suna Octavia Hill wadda damuwarta ita ce talakawan Landan ba su da filin shan iska. A 1899 suka sayi eka 2 na wata fadama mai suna Wicken Fen a kan fam 10, suka yi ta ƙarawa har ta kai wajen eka 2,000. A 1907 majalisar dokokin ƙasar ta ba ƙungiyar ikon ayyana ƙasarta a matsayin wadda ba a sayarwa, ba a jinginarwa, kuma ko gwamnati ba ta karɓe ta da ƙarfi sai an koma gaban majalisa. Ƙasar da ke hannunta ta kai wajen hekta 250,000, mambobinta sun haura miliyan 5, kuma kuɗin da suke biya duk shekara yana cikin abin da ke ɗauke da aikin.

Ya ku 'yan'uwa, duk wanda ya karanta babin waƙafi zai ji kamar ya san wannan magana. A lokacin da Umar (RA) ya sami gona a Haibara ya nemi shawarar Manzon Allah (SAW), an shiryar da shi ya tsare asalin ya yi sadaka da amfanin, bisa sharaɗin ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado. Tsakanin wannan da dokar 1907 akwai kusan ƙarni 13. Ba ina cewa daga wurinmu suka kwafa ba, abin da nake cewa shi ne kayan aikin yana cikin ɗakinmu, mun bar shi ƙura ta rufe. Magabata sun yi waƙafi har domin dabbobi. A Dimashƙa an yi wani fili mai ciyawa da aka tsayar domin dabbobin da suka tsufa ko suka yi rauni, su yi kiwo a ciki har ajalinsu. A birnin Bursa na Turkiyya, a zamanin Usmaniyya, an yi gida domin jinyar shamuwar da ta karye ta kasa bin 'yan'uwanta. Mu kuwa idan aka ce waƙafi, tunaninmu ba ya wuce masallaci, har ka ga unguwa ɗaya da masallatai biyar, babu inuwar itace ɗaya da jama'a suka mallaka.

A Amurka sun ƙara wata dabara. Mai gona yana riƙe gonarsa, yana nomanta, 'ya'yansa su gaje ta, amma sai ya rubuta yarjejeniya da ƙungiya cewa ba za a taɓa yanka ta fuloti ko a sare dajin da ke cikinta ba, kuma sharaɗin yana bin ƙasar ko a hannun wa ta faɗa. Ƙungiyar tana aiko mutum duk shekara ya duba, idan an saɓa ta kai ƙara kotu. Ƙidayar 2020 ta nuna cewa irin waɗannan ƙungiyoyi sun tsare eka miliyan 61 ta wannan hanya da ta saye da makamantansu. Malamanmu na iya duba wannan ta fuskar abin da Malikiyya suka halatta na waƙafin amfani da waƙafi mai wa'adi.

Sai dai kada mu ɗauka duk abin da aka kira kare daji alheri ne. A can Amurka, da yake gwamnati na rage wa mai irin wannan yarjejeniya haraji, sai wasu attajirai suka riƙa haɗa kuɗi su sayi fili, su sa a kumbura ƙimarsa a takarda, su ci rangwamen da ya ninka abin da suka kashe, har sai da majalisar ƙasar ta yi doka a ƙarshen 2022 domin toshe wannan kafa. A Tanzaniya kuma, a 1959 Turawan mulkin mallaka suka fitar da makiyayan Masai daga Serengeti domin a bar wa namun daji da masu zuwa kallonsu. Duk tsaron da zai kori mai akuya biyar ya buɗe ƙofa ga mai kuɗi, sunansa himar Kulaibu, ko da an rubuta masa suna mai daɗi a allo.

HALIN DA MUKE CIKI

A ƙasar Hausa kowane gari yana da huruminsa, da burtalin da shanu ke bi, da mashaya, da kududdufin da ke karɓar ruwan sama, da kurmin da ba a sara. Dattawan da ke zaune a nan sun san inda waɗannan suke a garuruwansu, sun kuma san abin da aka gina a kansu. A 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya. Adadin da hukumomi ke ambata shi ne makiyaya 415 a ƙasar nan, amma waɗanda aka tabbatar a doka wajen 140 ne kawai, kuma da yawansu noma da gini sun cinye. An yi keɓewa, ba a naɗa Hunayyu ba. Inda aka naɗa shi kuma ba a biya shi ba, sai ya koma yana sayar da abin da aka ba shi tsaro. Garken da ya fi cin makiyayar ma sau da yawa na manya ne, talakan Bafulatani ɗan kiwo ne kurum.

Dubi fadamar Haɗeja da Nguru, inda dubban tsuntsayen ruwa ke sauka daga Turai duk hunturu, inda kuma masunta da manoman shinkafa da makiyaya suke ci tun kaka da kakanni. An gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamar ta ragu, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Tun 1987 ƙungiyoyin sa kai na gida da na waje, cikinsu har da Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya wadda aka kafa a 1980, suka fara aiki a wurin, kuma a 2000 aka sanya tafkin Nguru cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci. Amma ƙungiya ba ta da iko a kan ƙofar madatsa. A nan ma shari'a ta riga ta yi magana, domin Manzon Allah (SAW) ya hukunta a kan kwarurukan Madina cewa na sama ya tsare ruwa har ya kai idon sawu, sa'an nan ya sake wa na ƙasa da shi.

Misalin da ya fi ƙarfafa mini guiwa yana Jamhuriyar Nijar. A yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, akwai raƙuman dawa irin na Afirka ta Yamma, waɗanda a wani lokaci ba su rage a ko'ina ba sai can. A 1996 guda 49 suka rage. Ba a gandun daji suke ba, a cikin gonakin mutane suke yawo, suna cin waken manoma da mangwaronsu. Gwamnati ta hana kashe su, ƙungiyoyin sa kai kuma suka shiga ƙauyuka suna haƙa rijiyoyi, suna ba mata rancen jari, suna ɗaukar 'yan gari aikin rakiyar baƙi, domin manomin da aka ci wa wake ya ga abin da ya samu a madadinsa. Zuwa 2018 sun haura 600, har aka ɗebi 8 aka kai gandun Gadabeji. Haka nan a yankunan Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, manoma suka koma barin tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu suna yi musu aski maimakon tumɓukewa, har aka ƙiyasta ƙasar da ta farfaɗo da hekta miliyan 5. Abin da ya taimaka shi ne manomi ya sami tabbacin cewa itacen da ya raina nasa ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba.

To mene ne a hannunmu? Muna da rassa a ƙananan hukumomi, muna da kwamitocin masallatai, muna da 'yan agaji waɗanda suka saba aiki ba da albashi ba, kuma jama'a na amince mana da dukiyarsu. Shawarata ita ce kowane reshe ya fara da abu ɗaya da yake gabansa: ya zauna da mai gari da dattawa da arɗon Fulani, a taka ƙafa a zagaya abin da ya rage na hurumi da burtali da kududdufi, a kafa alamu, a rubuta, a kai wa ƙaramar hukuma ta sa hannu. Inda kuma wani bawan Allah yake da fadama ko kurmi yana son sadaka mai gudana, a nuna masa cewa wannan ƙofa ce.

Ga mai niyyar irin wannan waƙafi akwai abubuwan da ya kamata ya sani. Dokar ƙasa ta 1978 ta sanya dukkan filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, abin da mutum ke riƙe da shi haƙƙin zama ne da amfani, kuma ana iya soke shi da hujjar maslahar jama'a. Saboda haka waƙafin baki, wanda aka yi a gaban mutum biyu bayan sallar Asuba, ba zai tsaya a gaban magada ba balle a gaban hukuma. A yi wa amintattu rajista, takardar fili ta fita da sunansu, a kuma tabbatar da waƙafin a gaban alƙali. A cikin takardar a fayyace iyakoki, da watannin da ake buɗewa da waɗanda ake rufewa, da itacen da aka yarda a ɗiba da wanda aka hana, da hukuncin farauta, da wanda ake fara bari ya shiga idan fari ya zo, kuma a nan a bi tsarin Umar, mai kaɗan kafin mai yawa. Sa'an nan a haɗa filin da wani abu mai kawo kuɗi, ko shago ne ko 'ya'yan ɗorawa da tsamiya da zumar da ke cikinsa, wanda daga ciki za a riƙa biyan mai tsaro haƙƙinsa duk wata. Malamai sun halatta wa mai kula da waƙafi ya ci daga gare shi gwargwadon abin da aka saba, kuma wannan yana cikin sharuɗɗan da Umar ya rubuta a waƙafinsa na Haibara.

Na ga mai gabatarwa yana yi mini ishara cewa lokaci ya yi. Mas'alar musanya filin waƙafi da wani idan gari ya cim masa, wadda malamai suka yi saɓani a kanta, zan bar ta sai a lokacin tambayoyi in Allah Ya yarda.